Motar Malam Sa'idu da Kwana Ukun da Na Yi Shiru

Kun taso kuna jin cewa babanku ya bar aikin gwamnati ne don ya gaji da zama a ƙarƙashin wani, yana so ya tsaya da ƙafarsa. Mahaifiyarku ce ta fara faɗa muku haka, ni kuma ban taɓa gyara mata zance ba. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma idona ya fara dushewa, saboda haka gara ku ji daga bakina. Korata aka yi, kuma da hujja. Abin ya faru a daminar shekarar da aka sami mulkin kai, lokacin Dauda yana goye, sauranku ba a haife ku ba.

Ni bakanike ne a garejin gwamnati a lokacin, na shekara tara da baro ƙauyenmu na kudu na shigo Bauchi. Turawa suna ta haɗa kaya. Baturen da ke shugabancin garejin ma zai tafi, kuma an ce cikin mu biyu da muka fi daɗewa za a ɗora ɗaya a kujerarsa. Maganar nan ta shiga kaina fiye da yadda ya kamata. Muna haya a Gwallaga, a wani gida mai sassa biyu da katanga ɗaya a tsakani, kuma mu kaɗai ne Kiristoci a lungun. A ɗaya sashen akwai Malam Buba direba da matarsa Indo. Buba ya girme ni, mutum ne marar yawan magana, ya daɗe yana tuƙa wata tsohuwar baƙar mota ta wani Baturen ofis. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya sayar da ita ga Malam Sa'idu, wani ɗan birni da aka ƙara wa girma aka ba shi gida a unguwar Turawa, wato GRA. Aka haɗa masa mota da direbanta.

Ana dab da faɗuwar damina Buba ya kawo motar gareji, don an yarda manyan ma'aikata su riƙa kawo nasu. Ya jingina da ƙofarta ya ce mini:

"Yohanna, tsohuwar nan tana shaƙewa. In na taka totur sai ta yi kamar za ta mutu, ta yi tari sau biyu, sannan ta zabura. Ga shan mai, ga warin fetur. Maigida har ya fara kallona."

Na kwance fulogai na duba. Dukkansu baƙi ƙirin, da busasshiyar kunkunniya kamar gindin tukunya. Duk wanda ya yi wata shida a kanikanci ya san abin da wannan ke nufi. Inji da mai da iska yake rayuwa, kafireta ce ke gauraya masa su daidai gwargwado. In mai ya fi iska yawa ba ya ƙonewa duka, sai fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya yi baƙi, mota ta riƙa shaƙewa in an nemi ta yi sauri. Na san aikina shi ne in buɗe kafireta in ga abin da ya sa mai ke ambaliya. Amma ranar akwai manyan motoci uku a jere suna jirana, Bature kuma yana tsaye a bakin ofishinsa yana duba agogo, yana auna wanda ya fi sauri tsakanina da abokin takarata. Sai na kankare fulogan, na ɗan matse sukurun mai, na tayar da ita, ta amsa lafiya lau. Da na leƙa ƙarƙashinta na ga bututun salansa ya tsage daidai ƙasan kujerar baya. Babu sabo a sito, in an yi oda kuma sai an yi makonni. Na yanka gwangwanin madara na naɗe wurin, na ɗaure da waya. Na rubuta a kati cewa an gyara, na sa hannu. Ko Buba ban gaya wa zancen gwangwanin ba.

Cikin watan Agusta aka yi wa Malam Sa'idu rasuwa a Darazo. Aiki ya hana shi zuwa, sai ya tura mahaifiyarsa, Inna Hajjo, da 'yarsa Binta mai shekara shida, Buba ya kai su. A hanyar dawowa ruwa ya kece, aka ɗaga gilasan baya duka. Buba shi ya bar nasa a ɗan buɗe don ya riƙa ganin hanya. Ya ji sun yi shiru, ya ɗauka barci ne. Sai da ya tsaya a ƙofar gidansu na cikin birni ya buɗe musu, ya tarar tsohuwar ta kife, yarinyar ta yi amai a jikinta, an kira sunansu ba wadda ta amsa. A asibiti Inna Hajjo ta ɗan farfaɗo, aka tambaye ta me suka ci, ta ce dabinon da direba ya saya musu a hanya. Kowa a gidan kuma ya san cewa mako guda kafin nan Malam Sa'idu ya yi wa Buba faɗa a kan mai, ya ce sayarwa yake yi, ya ce ƙarshen wata zai sallame shi. Mutane suka haɗa wannan da wancan. Kafin la'asar 'yan doka sun tafi da Buba.

Na dawo daga aiki na tarar da lungunmu cike da mata, Indo tana zaune a ƙasa ba ɗankwali. Ranar ban kawo komai a raina ba, tausayi kawai na ji. Washegari aka turo motar gareji, don iyalin Malam Sa'idu sun ce ba sa son ganinta a gidan. Aka ajiye ta can ƙarshen fili ƙarƙashin bishiyar maina. Da na wuce ta kusa warin ɗanyen fetur ya buge ni, sai na tuna da gyaran da na yi mata.

Na jira har aka tashi cin abincin rana, fili ya yi shiru. Na tayar da ita. Hayaƙi ya fito baƙi, mai kauri, amma kaɗan ne ke fita ta wutsiyar salansa. Mafi yawansa daga ƙarƙashin cikinta yake tasowa. Na kwanta na shiga. Gwangwanina ya cinye, ya rage 'yan ɓarɓashi suna lilo a jikin waya, tsagewar kuma ta buɗe har yatsu biyu za su shiga. Ƙarfen da ke samanta ya yi baƙi. Na fito na ɗaga katifar kujerar baya, na ga tsatsa ta huda ƙasan motar wuri uku, kowane rami da zoben kunkunniya a bakinsa. Duk da haka zuciyata ta ƙi yarda. Na ce hayaƙi ai kullum muna shaƙarsa a gareji, wa ya taɓa kashewa? Sai na mayar da katifar, na shiga na zauna inda yarinyar ta zauna, na ɗaga gilasai duka, inji yana aiki.

Ban san tsawon lokacin da na yi a ciki ba. Da farko ba komai, har na fara jin sanyi a raina. Sannan goshina ya fara sara kamar ana ɗaure shi da igiya. Kunnena ya ɗauki ƙara. Na ce bari in fita, sai na ga hannuna a kan cinyata, ina umartarsa ya tashi yana ƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji wani zafi ba, barci ne kawai mai daɗi yake jana. Na tattara abin da ya rage mini na faɗa kan ƙofa da kafaɗa, ta buɗe, na zube a ƙasa na yi ta amai. Da na iya miƙewa na kashe injin, na buɗe kafireta, aikin da ya kamata in yi tun watanni uku baya. A cikinta akwai wani ɗan ƙoƙon tagulla rufaffe da muke kira fulot. Aikinsa ya yi iyo a kan mai, in mai ya cika ya taso ya toshe hanyar shigowarsa. Na ɗaga shi na ji nauyi. Na girgiza shi kusa da kunnena, na ji mai yana motsi a ciki. Ya huje, ya nutse, ba abin da ke tsayar da mai. Buba bai taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ba. Injin ne ke haɗiyar man, yana fitar da shi rabi a ƙone, bututun da na naɗe da gwangwani kuma yana hura shi cikin kujerar baya.

Na mayar da komai yadda na same shi, na wanke fuskata a famfo, na koma bakin aiki. Daga nan shirun nawa ya fara.

Da yamma na sami mahaifiyarku Rahila tana tuƙa tuwo, na tsuguna kusa da murhu na gaya mata da ƙaramar murya, don katangar ba ta tare magana. Muciya ta tsaya a hannunta.

"Wa ya gan ka?" ta ce.

"Ba kowa."

"Katin da ka sa wa hannu fa?"

"Yana ofis. Amma ba a rubuta gwangwani a ciki ba."

Ta sauke tukunyar, don tuwon ya fara kamawa. Sannan ta ce:

"Baban Dauda, mu baƙi ne a garin nan. Ba mu da kawu a fada, ba mu da kowa a kotu. In yarinyar nan ta mutu ba za a ce bakanike ya yi kuskure ba. Za a tambaya daga ina ya zo, wa ya aiko shi. Ka ga yadda gari yake da zancen siyasa yanzu."

Ba ta faɗi ƙarya ba, kuma abin da nake so in ji ke nan. Na ce mata likita zai gano ba guba ba ce, za a saki Buba ba tare da na buɗe baki ba. Da wannan na lallashi kaina.

Rana ta biyu na je aiki kamar wanda zazzaɓi ke ci. Duk wanda ya nufi wajen bishiyar maina sai in bi shi da ido. Wani ɗan doka ya shigo gyaran kekensa, na ɓuya bayan wata babbar mota har ya tafi. Abokan aiki suna ta hira a kan Buba. Wani ya ce dama shiru-shirun nan nasa bai taɓa kwanta masa ba. Wani ya ce a garinsu an taɓa rataye mai irin wannan laifi. Aka juyo gare ni, tunda maƙwabcina ne, aka ce me na gani. Na ce ban san komai ba. Da azahar labari ya iso cewa Inna Hajjo ta cika. A hanyata ta komawa gida na ci karo da masu dawowa daga maƙabarta, jama'a ba iyaka, na raɓe jikin wani shago na sunkuyar da kai. Ina jin wani yana cewa yanzu magana ta zama ta kisan kai.

Rana ta uku Bature ya kira ni ofis. Na ɗauka an gano. Ashe cewa zai yi Malam Sa'idu yana so a gyara motar a sayar, kuma an sami bututun salansa daga wata da ta yi hatsari. Ya ce in sa mata gobe, in duba abin da ke sa ta hayaƙi. Ya ƙara da cewa ya rubuta sunana a takardar wanda zai gaje shi. Na fito na tsaya a rana. Ba sai na saci komai ba, ba sai na yi ƙarya ba. Aikin da aka ba ni kawai zan yi, in cire tsohon bututu in jefa a juji, in sa sabon fulot, shi ke nan babu sauran abin da zai nuna ni. Babu kuma sauran abin da zai wanke Buba. Ina gaya muku, 'ya'yana, na yi niyyar yin hakan. Har na ware sufanun da zan yi aikin da su.

Da na koma gida na tarar Rahila ta ɗaure kayanmu cikin zannuwa biyu, ta jingina su a bayan ƙofa. Idanunta sun kumbura.

"Na kai wa Indo kunu," ta ce. "Ta riƙe hannuna ta ce in roƙe ka, tunda kai ka san motar, ko za ka je ka shaida cewa mijinta ba ɓarawon mai ba ne. Ta ce ko wannan kaɗai aka cire masa. An ce jibi za a kai shi gaban alƙali."

"Me kika ce mata?"

"Na ce zan gaya maka." Ta gyara goyon Dauda. "Shekaranjiya ni na ce ka yi shiru. Yau ba zan ce maka komai ba. Amma na kasa haɗa ido da matar nan, kuma ban san yadda zan yi shekaru ina jin tarinta ta katanga ba. Kayan nan na ɗaure su ne don in ka je ba ka dawo ba, in kai yaron nan gida."

Da safe na biya gareji na ciro fulot ɗin na sa a aljihu. Bututun da ragowar gwangwanin ban taɓa su ba. Na nufi cikin birni, gidan su Malam Sa'idu, inda ake zaman makoki. Sau biyu ina juyawa a hanya. Ƙofar gidan cike da mutane a kan tabarmi, malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, ni kuma da kakin aiki mai maiƙo. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi ta'aziyya. Na ce ina da magana a kan motar, in ya yarda mu keɓe. Malam Sa'idu ya dube ni da jajayen idanu.

"Faɗi a nan," ya ce.

Na miƙa masa fulot ɗin, na ce ya girgiza a kunnensa. Na yi masa bayanin mai da iska, da ramukan da ke ƙarƙashin kujera, da abin da ya same ni da na zauna a ciki. Na ce ba dabino ba ne, hayaƙi ne, kuma man da ake nema injin ne ya sha.

"Wa ya duba motar kafin damina?" in ji Malam Sa'idu.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka ga bututun a tsage?"

"Na gani. Na naɗe shi da gwangwanin madara, na rubuta an gyara."

Wani ƙanensa ya yunƙura daga kan tabarma, wasu samari biyu suka bi shi. Na rufe ido, don na tabbata a nan za a gama da ni. Sai na ji muryar Malam Sa'idu, ba da ƙarfi ba, yana cewa kowa ya zauna, ba a gidan makokin uwarsa ba. Ya sa takalmi ya ce in wuce gaba. Ya aika aka kira likitan da ya duba su, muka haɗu a gareji tare da Bature. Da babbar rigarsa ya durƙusa a ƙasa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe yana kallon wayar da na ɗaura. Likita ya sa yatsa a ramukan, ya yi mini tambayoyi a kan ciwon kan da barcin, sannan ya ce abin da ya gani a jikin tsohuwar da yarinyar ya fi kama da wannan fiye da kowace guba da ya sani.

Kwana biyu na yi a hannun 'yan doka. A na biyun Malam Sa'idu ya zo da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Binta ta buɗe ido, ta gane ni," ya ce. "Inna kuwa kwananta ne ya ƙare, ba zan kai ka gaban alƙali ba. Amma ba zan yarda ka sake taɓa motar kowa a garejin nan ba."

Haka aka yi. Aka soke sunana a takardar, aka ba ni ta sallama. Binta ta warke, ko da yake an ce ta yi watanni maganarta na fita a hankali.

Buba ya riga ni dawowa gida da kwana ɗaya. Na same shi a zaure yana zaune a kan buzu, ya rame, gefen fuskarsa a kumbure tun dukan da ya sha a ƙofar gidan su Malam Sa'idu ranar da abin ya faru. Na durƙusa na ce ya yafe mini gwangwanin. Ya ce wannan kuskuren aiki ne, shi ma ya taɓa yin nasa a kan hanya. Har na fara samun numfashi, sai ya ɗago kai.

"Yaushe ka gano?"

In da na ce masa ranar da na je birni na gano, da ba mai ƙaryata ni. Amma na ce masa tun washegarin ranar da aka kama shi.

"Kwana uku ke nan," ya ce.

"Uku."

"Kana kwana a ɗakinka, kana jin kukan Indo."

Ya jawo butarsa ya miƙe a hankali, yana dafa bango.

"Kwana ukun nan, Yohanna, ni na kwana su. Kowace safiya in aka taɓa ƙofa sai in ce igiya ce aka kawo."

Ya shige gida. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe wannan ba, har ya bar duniya. Mun ci gaba da gaisawa shekara da shekaru, amma da ya sami tuƙin wata babbar mota, wurin wani bakanike yake kai ta, ko da yake rumfata ce ta fi kusa.

Rumfar nan da kuka sani a bakin tasha, a watan da ya biyo baya na kafa ta da kara da tsohon kwano. Ranar da aka yi bikin mulkin kai gari duk ya tafi fili, ana jin badujala daga nesa, ni ina kwance ƙarƙashin wata motar gyaɗa ina kwance mata bututu tun daga inji har wutsiya, mai ita yana ta mita cewa ƙaramin gyara ya kawo. Rahila ta zo da abinci ta zauna a kan taya. Tun fitowar Buba, Indo ba ta ƙara yi mata magana ba, in sun haɗu a rijiya sai ta kau da kai. Na fito ina goge hannu, na ga Rahila tana ta juya murfin kwano.

"Wutata ta mutu da safe," ta ce. "Na tsaya a bakin katanga, na rasa yadda zan yi in roƙa. Sai ga hannun Indo ta sama, da garwashi a kasko."

"Ta ce wani abu?"

"Ba ta ce komai ba. Na karɓa."